Filin Mata: Taliya Mai Madara da Naman Kasko

Yau ɗakin girki za mu shiga. Abincin da za mu yi magana a kansa baƙo ne, daga ƙasar Italiya ya taso, ya bi ta Amurka ya sake kama, sa'an nan ya shiga littattafan girki na ko'ina. Watau taliya ce da a ke yi wa farar miya ta madara, a ɗora mata nama wanda aka gasa cikin kasko mai zafi ƙwarai. Na zaɓe shi ne domin uwargidan da ke dawowa daga aiki bayan la'asar, da 'yar makarantar da aka bar wa girkin dare ga kuma aikin gida da malama ta ba ta. Tuwo da miya sai an ba su kusan awa biyu. Wannan kuwa, in kayanki na kusa, minti 40 ya isa, tsakanin magariba da lisha kin sauke.

Amma ku riƙe abu guda tun daga nan. Abincin nan wuta biyu ya ke so. Nama na son wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci, madara na son wuta kaɗan. Yawancin masu ɓata shi juya su su ke yi, su dafa nama a hankali har ya yi tauri, su bar madara ta yi ta tafasa har ta tsinke.

Asalinsa a birnin Rum ne. Wani mai sayar da abinci, Alfredo di Lelio, ya buɗe gidan abincinsa a can cikin 1914. An ce matarsa ce ta haihu ta kasa cin abinci, shi ne ya dafa mata taliya, ya yi ta juya ta da man shanu da cuku mai yawa har suka narke suka zama miya. Ku ji fa, ashe abincin mai jego ne, kamar yadda mu ke yi wa tamu kunun kanwa da farfesu. Nasa ba madara a ciki ko ɗigo. Amurkawa da suka je yawo suka ci suka kai labari gida, masu girki na can suka ƙara masa kirim, watau maiƙon nan mai kauri da ke tasowa saman madara in an ajiye ta. Ɗora nama bisa taliya ma al'adar Amurka ce. Mutanen Italiya taliya su ke fara ci ita kaɗai, in an ɗauke faranti sa'an nan a kawo nama a wani dabam. Mu dai na Amurkawa za mu bi, don ya fi sauri, ga shi kuma wanke-wanke kaɗan ne.

Bari mu fara da nama, don nan ne mu ke da al'adar da za mu ajiye a gefe yau. Mun saba mu sulala nama da albasa da kayan yaji, mu tsame shi, sa'an nan mu soya cikin mai mai yawa har ya bushe. Wannan daidai ne ga naman miya da naman salla. Amma a nan ɗanye za a sa shi cikin kasko, ba a tafasa shi ba. In abin ya yi miki banbarakwai, ki tuna da mai tsire na bakin kasuwa. Bai taɓa sulala namansa ba. Yanka shi ya ke yi fale-fale, ya kara shi kusa da wuta, cikin ɗan lokaci ƙanshi ya cika unguwa. Aikinsa za mu yi, sai dai mu cikin kasko.

Ga 'yan makaranta, wannan ƙanshi yana da dalili. Cikin 1912 wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana abin da ke faruwa in sinadarin gina jiki ya haɗu da ɗan sukarin da ke cikin abinci a kan zafi. Su ne ke juyewa su ba da launin nan ja-ja mai duhu da ƙanshi mai jawo yawu. Shi ne a ɓawon burodi, shi ne a soyayyar gyaɗa, shi ne a tsire. Amma ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin santigiret. Ruwa kuwa a digiri 100 ya ke tafasa, ba ya wuce nan kome yawan itacen da ki ka tura. To, kin ga ke nan, muddin akwai ruwa a jikin nama ko a gindin kasko, naman nan dahuwa ya ke yi, ba gasuwa ba. Sai ya fito fari-fari, toka-toka, ba ƙanshi.

Saboda haka in kin wanke namanki, kuma lalle ki wanke shi tun da ya sha ƙura da ƙuda a kasuwa, sai ki samo tsabtataccen ƙyalle ki tsane shi sarai, har in kin taɓa ba ki ji laima ba. Gishiri kuma yana jawo ruwa daga cikin tsoka. Ko dai ki sa shi daidai lokacin da za ki jefa naman cikin kasko, ko kuwa ki sa tun kamar awa guda kamin nan, don ruwan ya fito ya koma. Tsakanin waɗannan biyu, kamar minti goma, shi ne mafi muni, naman na jiƙe sharkaf.

Akwai wata magana da za ku gani cikin tsofaffin littattafan girki, wai gasa bayan nama da wuta mai ƙarfi yana toshe shi, ya hana romonsa fita. Wani masani Bajamushe, Justus von Liebig, shi ya baza ta cikin 1847, aka yi ta koyar da ita shekara da shekaru. Daga baya aka auna nama kamin gashi da bayan gashi, aka ga ba haka ba ne. Ke ma kunnenki zai gaya miki. Ƙarar nan da ki ke ji cuuu har ki sauke, ai ruwan naman ne ke fita yana ƙonewa. Don ɗanɗano mu ke gasa shi. Abin da ke bar masa romo shi ne kada ya daɗe bisa wuta.

Wane nama za ki saya? Nan fa sai an lura, domin littattafan Turawa da shanunsu aka rubuta su. Na Amurka a kan tsare su a garke guda a yi ta ba su hatsi, a yanka su da ƙuruciya, a kuma rataye naman cikin sanyi kwana da kwanaki har ya saki. Namu kuwa, Bunaji da Rahaji da Gudali, shanun kiwo ne, sun ci tafiya, tsokarsu ta yi ƙarfi, kitse kaɗan. Ga shi da asuba a ke yankawa a sayar ran nan, alhali nama kan sandare 'yan awoyi bayan yanka, ba ya sakin jiki sai ya kwana ɗaya ko biyu cikin sanyi. To, kada ki ce wa mahauci ya ba ki nama kawai. Ki ce tantaƙwashi ki ke so, tsokar nan mai taushi da ke kwance ta cikin gadon baya kusa da ƙoda. Ba ta aiki in saniya na tafiya, shi ya sa ba ta tauri. In ta ƙare, ki karɓi tsokar gadon baya. Ƙauri da wuya da ƙirji ki bar wa miya. In kina da firij, wuta kuma ba ta yi muku wasa, ki saya tun jiya ki rufe ki ajiye. In babu, ki wanke ganyen gwanda ki ɗan murza shi, ki naɗe naman ciki kamar awa guda a wuri mai sanyi. Akwai wani sinadari cikin gwanda mai sassauta tsoka. Kada ki wuce haka, sai ya yi laɓo-laɓo.

Wajen yanka, ki duba inda zaren tsokar ya nufa, ki yanka shi a gicciye. Kowane yanki ya yi faɗin tafin hannu, kaurinsa kuwa kamar na ɗan yatsa. In kina shakkar taushinsa, ki ɗan bubbuga shi da gindin kwalba. Akwai dalilin da ya sa na ce kaurin yatsa. Turawa kan yanka nasu da kauri, su bar tsakiyar ja, har da jini-jini. Kada ki bi su nan. Ƙwayar tsila cikin tsokar saniya ta ke ɓuya, wuta kuwa na kashe ta, ba kuma kowane nama na kasuwa ne malamin duba nama ya gani ba. Masu ma'aunin zafi su tabbata tsakiyar ta kai digiri 63 ko fiye. Mu da ba mu da shi, sai mu tsaga yanki mafi kauri mu duba, in ba ja, ruwan da ke fitowa kuma garau ne, ya yi. Yanki mai kaurin yatsa kan nuna har ciki tun bayansa bai bushe ba.

Ga kayan da za su ishi mutum biyar ko shida. Taliya leda ɗaya mai giram 500. Nama rabin kilo. Madarar ruwa ta gwangwani ƙanana biyu, marar sukari, ba mai kaurin nan mai zaƙi ba. Man gyaɗa babban cokali 2, man shanu cokali 2, fulawa cokali 1 a shafe. Albasa ɗaya madaidaiciya, tafarnuwa ƙwaya 4, attarugu ɗaya, masoro dakakke, gishiri, da alayyafo damƙi biyu. Rabin kilo kamar ba zai kai ba, amma da ya ke yayyanka shi za a yi sirara a baza bisa taliya, kowa zai samu.

Taliyar kanti da garin alkama mai tauri a ke yin mai kyaunta, ita ce ba ta saurin caɓewa. Mai faɗi-faɗi ta fi riƙe miyar madara, ita Alfredo ya yi amfani da ita, amma doguwar nan da muka saba da ita ma ta yi, makaroni ma ya yi. Taliyar Hausa 'yar murji ba laifi, sai dai ta fi saurin nuna, tana son a tsaya a kanta.

Ki fara ɗora ruwan taliya, kamar lita 3, da gishiri babban cokali guda. Yana zafi kina yanka albasa ƙanana-ƙanana, kina daka tafarnuwa da attarugu, kina gyara alayyafo. Ki gama duka kamin ki taɓa nama, don in an fara ba sauran zama.

Ki ɗora kasko a ɗaya murhun. Na baƙin ƙarfe mai nauyi ya fi, don yana riƙe zafi. Na sanholo mai shara-shara da nama ya taɓa shi sai ya huce. In gawayi ki ke girki da shi, ki fifita har ya yi ja. Ki bar kaskon ya yi zafi shi kaɗai, har in kin yarfa ɗigon ruwa ya yi tsalle ya ɓace nan take. Sa'an nan ki zuba man gyaɗa. Kada ki fara da ɗanyen man shanu, ƙonewa zai yi ya yi ɗaci, amma soyayyen man shanu yana jure wuta. Ki barbaɗa wa nama gishiri da masoro, ki shimfiɗa yanki uku ko huɗu, da fili tsakaninsu. In kin cika kasko zafi zai faɗi, ruwa ya taru, mu koma gidan jiya. Gara ki yi sau biyu.

Yanzu sai abin da ya fi wuya ga mace mai son aiki: ki ƙyale shi. Kada ki juya, kada ki danna, kada ki tsokane shi da cokali mai yatsu. Da farko zai kama kasko, in ya gasu shi da kansa zai saki. Bayan minti 3 ki juya, ki ba ɗaya gefen minti 2 ko 3. Ki kwashe cikin kwano, ki ɗora murfi sako-sako, ki bar shi ya huta. Naman da aka yanka da zafinsa romonsa a faranti ya ke ƙarewa. In ya samu minti 5 zuwa 10, yawancin romon na zama cikin tsoka.

Ki duba gindin kaskon nan, za ki ga ƙanzo ja-ja ya manne. Kada ki kuskura ki wanke shi, rabin daɗin abincin yana nan. In dai ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, to wannan ya lalace, sai a goge.

Ruwa ya tafasa yanzu, ki zuba taliya ki motsa ta don kada ta manne. Ba a sa mata mai cikin ruwa. Ki duba mintin da aka rubuta jikin leda, yawanci 8 zuwa 10, ki yi niyyar saukewa saura minti ɗaya, don za ta ƙarasa cikin miya. Mai murhu ɗaya ta gasa nama tukuna, ta ajiye kaskon gefe da ƙanzonsa, ta dafa taliya, sa'an nan ta mai da kasko.

To, ga wuta ta biyu. Ki rage ta sosai. Mai gas ko risho ta murɗa ƙasa, mai gawayi ta kwashe rabin garwashi. Ki sa man shanu, ki zuba albasa ta yi laushi kamar minti 3, kada ta yi ja. Ki ƙara tafarnuwa da attarugu minti guda. Ki barbaɗa fulawa ki juya minti guda don ɗanyen warinta ya fita. Sa'an nan ki ɗebo ludayi guda daga ruwan taliyar da ke tafasa ki zuba, kina kankare ƙanzon nan da cokalin katako har ya narke duka. Littattafansu kan ce a zuba giya a nan. Ba mu da bukata, ruwan taliya ko romon nama ya yi aikin. Sai ki zuba madara a hankali kina juyawa. Ki bar ta ta yi ɗan motsi a gefe-gefe kawai, minti 3 ko 4, har in kin tsoma cokali ta lulluɓe bayansa.

Fulawar nan ba don kauri kaɗai na sa ta ba. Kirim na Turawa kusan kashi ɗaya cikin uku nasa maiƙo ne, shi ya sa ya ke jure tafasa. Madarar gwangwani ba ta kai ko kusa ba, madara ce aka ƙone fiye da rabin ruwanta. In ta ji wuta mai yawa sai ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji kamar awara. Fulawa na riƙe ta. Wadda ta samu kirim a kanti ta sa kofi ɗaya, ba sai ta sa fulawa ba. Mai madarar gari ta dama ta da kauri, ninki biyu na abin da aka rubuta jikin gwangwani. In sabuwar madarar shanu ce daga ruga, lalle a tafasa ta tukuna saboda tarin fuka da sauran cututtukan da kan bi ɗanyar madara, a kuma ƙara fulawa cokali guda. Nono da kindirmo ba su yi ba, tsaminsu zai tsinka miyar. Haka tumatir da lemun tsami da tsamiya. Na san hannun Bahaushiya ba ya son ganin miya fara, amma yau a yi haƙuri.

Saura cuku. Na Italiya da a ke kira Parmesan, daga yankin Parma, ba a sayar da na ainihi sai ya shekara guda a ajiye, shi ya sa ya ke da tauri da ɗanɗano mai ƙarfi, da tsada kuma. In kin samu, ki goga damƙi guda ki zuba bayan kin sauke kasko. In babu, dunƙule guda na ɗanɗano ya isa. Ni dai na fi son in soya ɗan ƙwalli na dakakkiyar daddawa tare da albasa, kamar kan ƙaramin cokali. Ita ma ai abu ce da aka bari ta kwana har ɗanɗanonta ya nuna. Busasshen cukun nan na Buzaye da Fulanin Nijar ba ya narkewa, amma in an daka shi an barbaɗa a sama yana da daɗi.

Kamin ki tace taliya ki ɗebi kofi guda na ruwanta ki ajiye. Kada ki ɗauraye ta da ruwan sanyi yadda mu kan yi in za a ci da manja da yaji. Sitacin da ke jikinta shi ne ke sa miya ta kama ta, in kin wanke shi miyar sai ta zame ta koma gindin faranti. Ki juye taliyar da zafinta cikin miya, ki zuba alayyafo, ki yi ta juyawa minti ɗaya ko biyu bisa wuta kaɗan. 'Yan makaranta sun san abinci kashi uku ne, mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai tsare lafiya. Taliya da mai sun ba da na farko, nama da madara na biyu, alayyafon nan shi ne na uku, kada a bar shi don ƙyuya. In miyar ta yi kauri da yawa, ki sassauta ta da ruwan da ki ka ajiye, kaɗan-kaɗan. Ki bar ta da ɗan ruwa-ruwa, don tana ƙara kauri in ta fara hucewa. Ki ɗanɗana gishiri yanzu, ba tun farko ba, tun da ruwan taliya da ƙanzo duk da gishirinsu.

Ki koma kan nama. Romon da ya taru a gindin kwano ki juye shi cikin taliya. Ki yayyanka naman sirara, a gicciye kamar dā, ki jera bisa taliya cikin faranti ko tire, ki ɗan ƙara masoro. Mai son yaji a ajiye masa na tsire a gefe.

Da zafinsa a ke ci. In mai gida mai daɗewa a waje ne, ki ware masa namansa ba a yanka ba, ki rage ɗan ruwan taliya, in ya shigo ki ɗumama nasa da shi bisa wuta kaɗan, sa'an nan ki yanka naman. Abincin madara kuwa ba tuwo ba ne da za a rufe a yi ɗumame da safe. Kada ya wuce awa biyu a waje, da bazara ma awa ɗaya. Wadda ba ta da firij ta dafa daidai bakin mutanen gidanta, in kuwa ya ragu, a miƙa wa maƙwabta tun yana da ɗumi.